'Yar Minista a Maɗaba'ar 'Yan Adawa

"Ɗauki ki karanta! Ɗaga murya, uwarki ma ta ji irin surukin da kika zaɓo mana."

Jaridar ta faɗo kan teburin cin abinci har ta ture kofi. Auta ta bi shayin da kallo yana gangarawa ƙasa, ba ta taɓa jaridar ba.

"Na riga na karanta, Baba."

"To gaya musu abin da ya kira ni."

"Bai kira ka komai ba. Cewa ya yi dokar da za ka kai majalisa yau ƙanwar dokar da aka ɗaure ka da ita ce."

Mama ta dafe ƙirji. Gwaggo, yayar Minista, wadda ta tare a gidan tun rasuwar mijinta, ta saki cokali ta kama salati.

Ƙasar tasu jaririya ce, ko tutarta ba ta fara koɗewa ba. Mutum biyu kowa ya sani su suka tsaya a gaba har masu mulkin mallaka suka tattara nasu ya nasu suka tafi: mahaifin Auta, da wani malamin makaranta da har yau ba a kiransa da komai sai Hedimasta. Ɗaki ɗaya aka kulle su a kurkuku, bargo ɗaya suka raba. Auta ta tashi tana ce masa Baffa, a gefensa ta tsaya ranar da aka ɗaga tuta.

Da mulki ya zo hannu sai hanya ta rabu. Mahaifinta ya zama Ministan Cikin Gida, ya ce sabuwar ƙasa sai da kai ɗaya mai ƙarfi, baitulmali ɗaya, soja ɗaya, in ba haka ba kowane lardi zai ja nasa gefen har ta yage. Hedimasta ya ce ba don a canza launin mai bulala suka sha ɗauri ba, a mayar da iko larduna da ƙauyuka, manomi ya san inda harajinsa ya shiga, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ya fice daga gwamnati, ya zama jagoran 'yan adawa, ya kafa jarida ya damƙa wa ɗansa.

Wannan ɗan, da gari ke kira Edita, shi ne wanda Auta ta ce in ba shi ba sai dai ta zauna haka.

Minista ya ja kujera ya zauna daf da ita. Muryarsa ta sauka, ita kuwa ta fi tsoron saukarta da tashinta.

"Auta, kina ganin ni mugu ne?"

"Ban taɓa cewa haka ba."

"Watan jiya wata jarida ta buga ƙarya, ta ce an zuba guba a rijiyoyin garin kan iyaka. Kafin a ƙaryata, maƙwabci ya tashi ya ƙone maƙwabci. Ni na je. Ni na tsaya a kan gawawwakin, har da na yara. Shi saurayin naki yana ina? Yana ɗaki yana gyara nahawu."

"Ba jaridarsu ce ta buga ba, Baba. Su ne ma suka fara ƙaryatawa."

"Yau ba su ba ne, gobe fa?"

"To a hukunta wanda ya yi ƙaryar. Amma dokarka ba ta ce ƙarya ba, cewa ta yi duk abin da zai zubar da ƙimar gwamnati. Ni na buga ta a tafireta da hannuna, na san kowace kalma."

"Ka ji ko!" Gwaggo ta buga cinya. "Tun ranar da ka bari ta kama aiki a majalisar nan na ce za a rina. Yarinya tana zaune tana jin gardamar maza daga safe har yamma, ba dole bakinta ya buɗe ba? Ga ɗana nan Sufeton 'yan sanda, ɗan gida, mai kunya, mai albashi, ko kallon banza bai taɓa yi wa kowa ba. Me wancan mai baƙin farcen ya fi shi da shi?"

"Yaya Sufeto yayana ne, Gwaggo. Yadda na tashi ina kallonsa haka zan mutu ina kallonsa."

"Rufe min baki, mara kunya!"

Minista ya ɗaga hannu, Gwaggo ta haɗiye sauran.

"Ba zan ɗaura miki auren wanda ba kya so ba, ke ba yarinya ba ce. Amma saurara. Dokar nan za ta wuce yau, kuma daga lokacin da Shugaban Ƙasa ya sa hannu, duk wanda ya sake buga irin wannan zai kwana a inda na kwana. Je ki gaya masa: ya ajiye jaridar, akwai kujera a ma'aikatar yaɗa labarai, ya zo ya yi wa ƙasarsa aiki. In ya yarda, ni da kaina zan ba shi ke. In ya ƙi, kada in ƙara jin an ambace shi a gidan nan."

"Wato in je in sayo shi, ni ce kuɗin."

"Auta!" Mama ta kama hannunta, hawaye na zuba. "Don girman Allah ki yi shiru. Mahaifinki ne fa. Kina so ciwonsa ya tashi? Ni wa zan kama, wa zan saki?"

Auta ta share wa Mama hawaye da gefen mayafinta, nata kuwa ta hana su fitowa. Ta ɗauki jakarta.

"Zan kai saƙonka, Baba, yadda ka faɗa, ba ƙari ba ragi. Amma in ya karɓa, ni ce ba zan aure shi ba."

* * *

Teburinta a majalisa yana can ƙasan kujerar kakaki, inda masu ɗaukar bayani ke zama. Daga nan tana ganin mahaifinta a dama, Hedimasta a hagu, kowa ya ƙi kallon ɗan'uwansa.

Hedimasta ya miƙe da sandarsa, siririn tsoho cikin rigar da ta sha wanki.

"Mai girma kakaki, abokina Minista yana tsoron kada ƙasar nan ta wargaje. Ni ma ina tsoro. Amma shi yana so ya ɗaure ta da igiya don kada ta gudu, ni kuwa na ce a bar mata bakinta, don mu san inda ke mata ciwo. Yau shi ke riƙe da igiyar, na san ba azzalumi ba ne. Wa zai riƙe ta bayansa?"

Minista ya miƙe.

"Abokina ya iya magana, tun muna ɗaure shi ke sa mu manta yunwa. Amma magana ba ta tsare kan iyaka, ba ta gina asibiti. Yana so kowane lardi ya zama ƙasa, kowane mai injin ɗab'i ya zama alƙali. A bar mu mu gina gidan tukuna, in ya tsaya sai a yi gardamar inda za a sa taga."

Yatsun Auta suna gudu a kan takarda, zuciyarta na tsalle tsakanin muryoyin nan biyu. Abin da ya fi ƙona mata rai, duk wanda ya yi magana sai ta ji kamar shi ke da gaskiya.

Kafin azahar aka ɗaga hannu. Dokar ta wuce.

A barandar majalisa ta ci karo da Sufeto, hularsa a hammata, yana ta murza yatsu.

"Auta, tsaya."

"Ina sauri, Yaya."

"Na san inda za ki. Kada ki je." Ya waiga hagu da dama. "Shugaba zai sa hannu yanzun nan. An riga an ce in shirya mota. In injinsu ya motsa da yamma, ni za a tura."

"Kuma za ka je?"

"Aikina ne." Ya sassauta murya. "Ban taɓa ɓoye miki abin da ke raina ba. Na san ba ni kike so ba, na haƙura da wannan tuntuni, uwata ce ba ta haƙura ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki sa in same ki a wurin."

Ta dube shi, tausayinsa ya kama ta, amma ƙafarta ba ta tsaya ba.

"Ka yi aikinka, Yaya. Ni ma zan yi nawa."

* * *

Maɗaba'ar tsohon shagon ɗinki ce a bayan tashar mota. Ɗaki ɗaya dogo, injin a tsakiya kamar baƙin sa, akwatunan haruffan dalma jere a bango, tarho a kan wani teburi mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da bulo. Ma'aikatan duk an sallame su tun da labarin ya iso. Edita kaɗai ya rage, ya naɗe hannun riga yana jera haruffa, gilashinsa ya zamo kan hanci.

Da ya gan ta sai ya yi murmushin da ke kashe mata jiki, nan take kuma murmushin ya ɓace.

"Me ya kawo ki yau, ranar da ba ta zuwa ba?"

"Saƙo aka ba ni."

Ta faɗa masa duka, kujerar, sharaɗin, alkawarin. Ya saurara har ta gama, ya cire gilashin ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Kin san tun yaushe nake jiran ranar da mahaifinki zai ce ya ba ni ke?" Muryarsa ta karye. "Wallahi jiya ma na yi mafarkin haka. Ga shi ya faɗa, ni kuma ba zan iya miƙa hannu ba. Auta, ki yafe min. In na zauna a kujerar nan, mutumin da za a kawo miki ba ni ba ne, gangar jikina ce kawai."

Sai a lokacin hawayen da ta riƙe tun safe suka ɓalle. Tana kuka tana dariya.

"Da ka ce to, da yau ka ga ƙarshen ganina."

"To kukan na mene ne?"

"Na tsoron da na ji kafin ka buɗe baki."

Tari ya katse su. Hedimasta ne a bakin ƙofa, ya dogara da sandarsa, ga alama ya ji komai.

"Sannu, Baffa." Ta rusuna.

Bai amsa da fara'ar da ta saba ba.

"Tashi ki koma gida, 'yata. Kuma tunda Allah ya haɗa mu, bari in faɗa miki abin da na daɗe ina gaya wa wannan. Ni ma ban yarda da auren nan ba."

"Baffa, kai ma?"

"Ni ma. Ba don kina da aibu ba, a hannuna kika girma. Amma ranar da ɗana ya auri 'yar Minista, duk manomin da ya yarda da mu zai ce an saye mu. In ya yi sanyi a rubutu, a ce suruki ya rufe masa baki. In ya yi zafi, ke za ki zauna tsakanin miji da uba kina ƙuna. Ke kuma 'yar gidan gwamnati ce, da mota aka saba kai ki makaranta. Rayuwar nan tamu ta kamu da ɗauri ba za ki iya ba."

"Baba, don Allah..." Edita ya fara.

"Bar ni da shi," in ji Auta.

Ta miƙe tsaye, ta share fuska.

"Baffa, ɗazu a majalisa na rubuta maganarka kalma bayan kalma. Ka ce a bar wa kowa bakinsa, a bar mutum ya zaɓi abin da ya shafi rayuwarsa. Ashe 'yancin naka na manoman lardi ne, bai iso kan ɗanka ba? Mahaifina ya ce shi ya san abin da ya dace da ƙasa, ya yanke mata. Kai ka ce ka san abin da ya dace da mu, ka yanke mana. To ku gaya min bambancinku, don ni daga inda nake tsaye ban ga ko ɗaya ba."

Hedimasta ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa.

Ita kuwa ta ajiye jaka, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta juya ga Edita.

"Me za ka buga?"

"Dokar ce kanta, da maganar da kowannensu ya yi a kanta. Ban ƙara komai ba sai tambaya ɗaya a ƙasa: wa zai riƙe igiyar bayansa?" Ya tare ta. "Auta, a'a. Duk wanda aka samu hannunsa a kan injin nan tafiya za a yi da shi. Shi ya sa na kori kowa."

"Kai kaɗai za ka juya shi ka kuma sa takarda? Hannu nawa gare ka?"

"Zan lallaɓa."

"Matsa min."

"Ki tuna da Mama."

Wannan ta soke ta. Ta runtse ido, ta ga fuskar Mama jiƙe da hawaye. Ta buɗe.

"Ina tune da ita. Matsa."

Ya matsa. Shi yana juya ƙarfen, ita tana zura takarda tana zarewa. Ta farko ta fito a karkace, ta biyu ta yage, daga nan hannunta ya gane. Injin ya ɗauki ƙara, ɗakin ya cika da warin tawada. Hedimasta ya samu benci ya zauna. Masu sayar da jarida suna zuwa ta tagar baya suna karɓa tun tawadar ba ta bushe ba.

Rana ta karkata lokacin da suka ji tsayuwar babbar mota.

Sufeto ya shigo, 'yan sanda na biye. Idonsa ya sauka a kan Auta, hannayenta baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ya dafe goshi.

"Na roƙe ki."

"Ka roƙe ni, Yaya."

"Ni na rubuta, ni na buga," in ji Edita da sauri, ya shiga gabanta. "Ita saƙo ta kawo, ta taɓa injin bisa kuskure."

"Haka ne," Sufeto ya cafe. "Ni ban ga komai ba. Auta, bi ta ƙofar baya."

"Ƙarya yake yi, kai ma ka sani." Ta zagayo ta ɗaga hannayenta sama yadda kowane ɗan sanda zai gani. "Duk takardar da ta fita daga ɗakin nan yau, ni na zura ta. In doka ce, ta hau kanmu mu biyu. In kuma tana da ƙofar baya ta 'ya'yan manya, to a faɗa, gobe a buga."

'Yan sandan suka kalli juna. Mutane sun fara taruwa a bakin shagon, direbobi, masu dako, mata masu talla, ana leƙe ta taga. Gumi ya karyo wa Sufeto. Ya nufi tarhon, ya juya lamba.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Mun same su suna bugawa. Sai dai... Kawu, Auta tana ciki. A kan injin na same ta. Ta ƙi fita."

Auta ta san mahaifinta, ta san yanzu yana tsaye ne ya dafa teburi, ya rufe ido.

Da muryar ta fito, kowa ya ji ta, a dishe.

"An tilasta ta?"

"A'a, Kawu."

"To me kake jira? Ban rubuta dokar don 'ya'yan wasu ba. Ka tafi da su duka." Ya ƙara da cewa, "Kada a sa mata ankwa. Shi ma kada a sa masa."

Layin ya katse.

Baƙin ciki ne ko alfahari ya kama Auta, ita kanta ba ta sani ba. Ta ɗaga kai ta fita da ƙafarta. Taron ya dare mata hanya. Ta kama ƙarfen motar ta hau baya ba tare da ta jira a taimaka mata ba, Edita ya hau ya zauna a bencin da ke fuskantarta.

"Kina jin tsoro?" ya tambaya a hankali.

"Sosai ma."

"Ni ma."

Hedimasta ya fito daga shagon. Shi ɗan majalisa ne, kuma bai taɓa injin ba, babu mai ikon kama shi. Ya tako har gindin motar, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon Auta. Idanunsa sun kaɗa.

"'Yata, na yi miki gurguwar fahimta."

Bai jira amsarta ba. Ya gyara hularsa, ya juya, maimakon hanyar gidansa sai ya miƙe titin da ke hawa unguwar ministoci, titin da ya rantse ba zai ƙara takawa ba.

"Baba!" Edita ya ƙwala masa kira. "Ina za ka?"

Tsohon ya waigo, ya ɗaga sandarsa.

"Gidan wancan mai taurin kan. Dokarsa zan yaƙe ta har in shiga kabari, wannan ya sani. Amma yau ba ita za ta kai ni ba. Aure zan je nema wa ɗana, in ya isa ya kore ni."

Direba ya tayar da mota.